A-kori-kura mai kilomita 300,000: a saya ko a bari?

Kalli wannan lambar. Kilomita 300,000. Da zarar an ga irinta a jikin a-kori-kura mai araha, sai jama'a su rabu gida biyu. Wasu su ce ta gama yayi, kada ka kusance ta. Wasu su ce ai Hilux ce, yanzu ma ta fara. Duka ɓangarorin lambar kawai suke kallo, a nan kuwa ake tafka kuskuren.

Mita, wato abin da ke nuna kilomitan da mota ta yi, juyawar taya take ƙirgawa. Ba ruwanta da wahalar da inji ya sha.

Ga motoci biyu. Ta hagu a kan babbar hanya ta yi rayuwarta. A tayar da ita da safe, ta ɗumama, a sa giyar ƙarshe, a miƙa. Baƙin mai na zagayawa da zafinsa, kulochi da birki sai jefi-jefi ake taka su. Ta dama kuwa a wurin gini take aiki. A tayar, a yi kilomita uku, a kashe. A lafta mata kaya fiye da ƙima. Ta yi awanni a tsaye, inji na aiki, ana jiran a sauke siminti. Duk awannin nan mita ba ta motsa ba. Kuma inji ya fi cinyewa a mintunan farko bayan an tayar da shi da sanyi, kafin mai ya yi zafi ya ratsa ko'ina. Ta hagu sau ɗaya take shiga wannan halin a rana. Ta dama, sau goma ko fiye.

Shi ya sa ta dama za ta iya nuna 150,000 kacal, amma ta fi ta hagu tsufa nesa ba kusa ba.

To ta yaya za ka gane wacce ce a gabanka? Wasu motocin, musamman manyan a-kori-kura na Amurka, suna nuna awannin aikin inji a allon gaban direba. Idan ka samu, raba kilomita da awanni. Kilomita 300,000 a awa 6,000, kilomita 50 ke nan a kowace awa: motar hanya ce. Kilomita 150,000 a awa 10,000, 15 ke nan: wannan a tsaye ta tsufa. Ka kuma duba ko mil mitar take ƙirgawa, domin mil 200,000 ya haura kilomita 320,000.

Idan babu awanni, jikinta zai faɗa maka. Leƙa baya inda ake zuba kaya, dubi lotsewar ƙasan. Dubi sifirin ɗin baya: idan sun miƙe sun daina lanƙwasa, lodi ne ya kwantar da su. Ga ƙugiyar jan tirela, ta goge har tana sheƙi? An ja nauyi da ita, giyabos ya ji a jikinsa. Sai robar feda, da sitiyari, da gefen kujerar direba. Idan duk sun cinye amma mita na cewa 90,000, an taɓa mitar. Kada a ce maka ta lantarki ba ta juyuwa, da kwamfuta ake mayar da ita baya. Ni dai na fi yarda da tsohuwar takardar sabis mai ɗauke da kwanan wata da kilomita, ko da ta yi maiƙo, fiye da duk wata rantsuwa.

Sauran da sauri. Ka ce kada a tayar da ita kafin ka iso, ka taɓa injin ka ji da sanyinsa. Dubi salansa, wato bututun hayaƙi. Shuɗin hayaƙi, tana shan baƙin mai. Fari mai kauri da bai ɗauke ba bayan ta yi zafi, ruwa na shiga inji. Baƙi, dizal ko fetur ɗin bai ƙonewa daidai, a duba nozul mai fesa shi da matatar iska. Buɗe murfin baƙin mai: idan ka ga kumfa mai ruwan madara, a bincika gasket, shimfiɗar da ke tsakanin kan inji da gangar jikinsa. Tambayi taimin bel, bel ɗin da ke daidaita buɗewa da rufewar bawul da juyawar inji. A Hilux mai injin dizal 1KD ko 2KD, duk kilomita 150,000 ake canza shi, to a 300,000 lokacin na biyu ya yi. Idan ya tsinke ana tafiya, kan inji ne zai tafi.

Yanzu mu shiga ƙasa da tocila da ƙaramar guduma.

A-kori-kura bodinta a kan shasi yake zaune, dogayen ƙarafan nan biyu. Inji ana saukewa a sa wani. Giyabos haka. Shasin da tsatsa ta ci daga ciki kuwa, walda ba ta mayar da shi yadda yake. Ba kuma sunan kamfani ke hana wannan ba: a 2016 Toyota ta amince a Amurka ta duba shasin Tacoma ƙirar 2005 zuwa 2010, da wasu Tundra da Sequoia, ta canza wanda tsatsa ta cinye. Ƙwanƙwasa. Idan ka ji ƙara tsaf, ƙarfe lafiyayye ne. Idan kuwa tana ɓurma, ɓawo na zuba, tsatsa ta ci shi. Ka fi mayar da hankali wurin da sifirin ya kama shasi da saman tayar safaya, inda laka ke kwana. Sabon baƙin fenti mai kauri a ƙasan tsohuwar mota, ka tambayi abin da ya rufe.

Ra'ayina, idan shasi lafiya lau ne, ta tashi da sanyi babu gardama, akwai kuma takardun juyen mai, zan saye ta ko da ta kai 300,000. Amma ba zan zuba mata duk abin da ke hannuna ba, domin kulochi, ƙafafu, lagireto da taya suna nan tafe, kuma kusan tare suke zuwa. Ka je da naka bakaniken, ba wanda mai motar ya kawo ba. Idan mai motar ya ƙi yarda a hau da ita kan rami a duba ƙasanta, ka miƙa masa makullinsa.