Me ya fitar da ita daga aji?

Assalamu alaikum jama'a. Ku dubi yarinyar nan da farantin gyaɗa a ka, tana ratsa motoci a bakin Terminus, nan Jos. Ta gama firamare, ta shiga ƙaramar sakandare, daga nan shiru. Me ya fitar da ita daga aji?

In ka tambayi masanin tattalin arziki, zai ce lissafi ne. Kuɗin tallar yau shi ne cefanen dare, kuma daga cikinsa uwa ke tara kayan ɗaki, makaranta kuwa sai dai ta ci kuɗi. Gaskiya ya faɗa, amma bai gama ba. Mai nazarin zamantakewa, wadda ta zauna tsakar gida da iyaye mata, za ta ji abin da takardar tambayoyi ba ta kamawa: makarantar ta yi nisa, babu katanga, babu banɗaki na 'yan mata, uba kuma yana tsoron abin da zai samu 'yarsa a hanya. Sau da yawa uban nan ba ƙin boko yake yi ba, kuma ni ina ganin an daɗe ana yi masa mummunar fahimta.

Likitoci su ma da nasu alƙaluman. Binciken lafiya da yawan jama'a na 2018 ya nuna mata 512 ke rasuwa cikin kowace haihuwa 100,000 a Najeriya, ya kuma nuna wadda ba ta yi karatu ba ta fi saurin aure da haihuwa.

To idan aka haɗa kawunan nan a tebur ɗaya, sai maganin ya sauya. Ku duba shirin AGILE na tallafa wa karatun 'yan mata da Bankin Duniya ya amince da shi a 2020 kan dala miliyan 500, aka fara da jihohi bakwai, har da Filato. Bai tsaya ga wayar da kai ba. Akwai gina azuzuwa da gyara banɗakuna, akwai tallafin kuɗi ga iyaye marasa ƙarfi, akwai koya wa 'yan mata dabarun rayuwa. Kowane ɓangare amsa ce ga abin da wani fannin ya gano.

Sai dai bincike yakan isa Abuja ya tarar da ƙofa a rufe. Tun 2006 manufar ƙasa kan jinsi ta ware wa mata kashi 35 cikin 100 na muƙamai. A ranar 1 ga Maris 2022 Majalisar Tarayya ta yi watsi da ƙudurori biyar da suka shafi mata, har mata suka yi kwanaki suna zanga-zanga a ƙofarta. Wata guda bayan haka babbar kotun tarayya a Abuja ta umarci gwamnati ta cika alkawarin kashi 35 ɗin. Da aka rantsar da majalisar dattawa a 2023, cikin sanatoci 109 mata uku ne kacal.