Yadda za a kai ƙananan yara gidan tarihi cikin zafin bazara a Kaduna

Assalamu alaikum, iyaye. A watan Maris da Afrilu zafin Kaduna kan wuce digiri 35 da tsakar rana, ga yara sun cika gida da ƙiriniya. Akwai inda za ku kai su su ga kimiyya da idonsu: Gidan Tarihi na Ƙasa da ke kan titin Ali Akilu, wanda aka buɗe a 1975 a ginin da a da yake hedikwatar NPC, jam'iyyar su Sardauna.

Wani zai ce, ina ruwan gidan tarihi da kimiyya? To ku tsaya da yaro gaban mutum-mutumin yumɓun Nok. A 1928 masu haƙar kuza suka fara tono irinsu a ƙauyen Nok, nan kudancin jiharmu, kuma sun haura shekara 2,000. Ku tambaye shi: "Kai da kake gina motar laka ruwa ya narkar da ita, me ya hana wannan narkewa?" Ku bar shi ya yi ta kame-kame tukuna. Amsar ita ce gashi a wuta. Idan yumɓu ya sha wuta sosai, ruwan da ke ɗaure a cikinsa yana fita, ya taurare har abada. Sai ku nuna masa hudar da ke ido da hanci da baki. Yawancin kawunan nan cikinsu fanko ne, kuma masana na ganin hudar ta taimaka wa tururi ya fita lokacin gashi, don kada su fashe. Mutanen da suka ƙera su har ƙarfe sun narka; an gano murhunansu a Taruga, kusa da Abuja.

Abu biyu ko uku irin wannan ya ishi ɗan shekara biyar. Iyayen da ke jan yaro ɗaki-ɗaki wai sai an ci kuɗin tikiti, kuka suke saya.

Yanzu maganar zafi. Ku fita da hantsi, ku dawo kafin azahar. Jikin yaro ya fi na babba saurin ɗaukar zafi, kuma idan wasa ya yi daɗi ba zai ce yana jin ƙishi ba, don haka ku riƙa miƙa masa ruwa ko bai nema ba. A sa masa kayan auduga marasa nauyi da hula. Jaririn da bai kai wata 6 ba kuwa, nono za a ƙara masa, ba ruwa ba. Kada a bar yaro cikin mota a rufe ko da za a shiga a fito ne, domin cikin 'yan mintoci takan zama tanda. In kun ga leɓe ya bushe, fitsari ya yi ja ya ragu, ko yaro ya yi laushi, ku kai shi inuwa, ku jiƙa masa jiki, ku ba shi ruwan gishiri da sukari. In ya rikice, ko ya kasa sha, ko ya suma, asibiti kai tsaye.

Shi kansa zafin darasi ne. Da kun dawo gida, ku ba yaro ruwan randa da na roba ya kwatanta. Randa tana tsattsafo da ruwa ta ƙananan ƙofofin yumɓu, iska ta busar da shi, ya tafi da zafi. Haka zufa ke yi wa jikinsa. Da wannan dabarar Malam Mohammed Bah Abba, malami a Jigawa, ya yaɗa tukunya cikin tukunya don adana kayan miya, har ya sami lambar yabo ta Rolex a 2000.

Ku gwada tare. Ku sa ƙaramar tukunyar ƙasa cikin babba, ku cika tsakaninsu da yashi, ku jiƙa shi safe da yamma, ku rufe da jiƙaƙƙen ƙyalle a inuwa inda iska ke wucewa. Tumatir ɗaya a ciki, ɗaya a waje, yaro ya riƙa dubawa kullum. Amma ku yi shi da rani lokacin da iska take bushe, don damina na sauka aikin tukunyar zai ragu.