Amsoshin Tambayoyinku: Yadda Ake Haɗa Gidajen Ban Tsoro

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum, barkanmu da sake saduwa a filin Amsoshin Tambayoyinku. Wasiƙun wannan mako sun taru a kan bidiyoyin nan da ke yawo a waya duk watan Oktoba, inda za ka ga mutane sun sayi tikiti sun shiga wani gida mai duhu, can sai ga su sun fito a guje suna kururuwa, wani dodo na biye da su da zarto mai inji.

Wasiƙar farko daga wata mai sauraronmu ce a Damagaram. Ta ce: "Don Allah da gaske akwai aljanu ko fatalwa a gidajen nan, ko kuwa shiri ne kawai? Kuma wa ya fara?"

To Malama, shiri ne daga farko har ƙarshe. Abin da ke ciki bai wuce katako da fenti da wayar lantarki da 'yan wasa masu ɗaukar albashi ba. Sana'a ce, kuma ta fi ƙarfi a Amurka, inda ake buɗe gidajen daga ƙarshen Satumba zuwa bikin Halowin na 31 ga Oktoba. A Japan kuwa lokacin zafi ne kakarsu, wajajen Yuli da Agusta.

Asalin abin ya daɗe. Tun cikin ƙarni na 19 mutanen Landan ke biyan kuɗi su kalli mutum-mutumin kakin zuma na masu kisan kai a gidan Madam Tussaud. A 1915 kamfanin Orton da Spooner na Ingila ya ƙera wani ɗan gidan fatalwa na filin wasa. Amma wanda ya mayar da abin babbar kasuwa shi ne Haunted Mansion da aka buɗe a Disneyland ta Kalifoniya a 1969. Bayansa ƙungiyoyin sa kai suka riƙa haɗa nasu don tara kuɗin taimako. Filin wasa na Knott's ya fara nasa bikin a 1973, filin wasa na kamfanin fina-finai na Universal ya bi sahu a birnin Orlando na Amurka a 1991.

Fatalwar nan da ake gani tana shawagi, kana hango bango ta cikin jikinta, dabara ce ta gilashi wadda John Henry Pepper ya nuna a Landan a 1862, bayan ya gyara tunanin wani injiniya mai suna Henry Dircks. Ana kafa babban gilashi mai tsabta tsakanin 'yan kallo da ɗakin da suke kallo, a karkace, a kusurwar digiri 45. A gefe, inda ido ba ya kaiwa, akwai ɓoyayyen ɗaki da aka shafe da baƙin fenti, ɗan wasa na tsaye ciki sanye da fararen kaya. Idan aka ƙara masa haske a hankali, hotonsa zai bayyana a kan gilashin kamar yana tsakiyar ɗakin. Aka rage hasken, ya ɓace. Kina iya gwadawa da daddare: ki kunna fitilar ɗaki ki dubi tagar gilashi, za ki ga kanki a tsaye a tsakar gida. Abin da ke tona asirin dabarar uku ne: ƙura ko shatin yatsa a kan gilashin, haske ya zuba a bangon ɓoyayyen ɗakin, ko a bar bakin gilashin a fili ba a rufe shi da labule ko ginshiƙi ba.

Sai wasiƙa ta biyu daga wani kafinta a Kano, wanda ya ce shi aikin ne ya ba shi sha'awa. Yana so ya san yadda ake gina wurin, da yadda abubuwa ke zaburowa daidai lokacin da mutum ya iso.

Madalla da wannan tambaya, Malam. Bangon yawanci falle-fallen filawud ne mai faɗin ƙafa 4 da tsawon ƙafa 8, a kan firam na katako. Ana ɗaure su da kusoshi masu zare domin a kwance a adana idan kaka ta wuce, sannan a haɗa kawunansu ta sama da wani katako don kada bango ya kife idan mutum ya faɗa masa da gudu, abin da kuwa ke faruwa kowane dare. Faɗin lungu ba ya gaza ƙafa 3, saboda keken guragu ya wuce. Ana yawaita kwana domin kada wanda ke baya ya hango abin da ya sami na gaba.

Mafi arha cikin kayan tsoratarwa, kuma wanda ya fi aiki, shi ne tagar da ke faɗowa. Ana yanka taga a bango daidai tsayin fuska, a sa mata allo mai zamewa a cikin kwarmi biyu, a manna hoto a gaban allon yadda za a ɗauka ado ne. Ɗan wasa na baya yana leƙe ta wata 'yar ƙofa. Ya zare sakata, allon ya faɗi da ƙara, fuskarsa ta bayyana. Ƙarar faɗuwar ita ke yin rabin aikin. Inda ake samun matsala shi ne kwarmin ya kumbura da danshi allon ya maƙale, ko baƙo ya ɗora hannu a bakin tagar a lokacin da ake mayar da allon.

Gawar da ke zabura daga akwati kuwa iska ce ke tura ta. Akwai kwampreso irin na masu faci, ana ajiye shi nesa saboda ƙararsa, yana tura iska ta tiyo a ƙarfin da ya kama daga 60 zuwa 100 a psi, wato ma'aunin ƙarfin matsin iska. Tiyon na zuwa ga bawul mai aiki da lantarki, bawul ɗin na haɗe da fistin. A ƙasa an ɓoye tabarmar roba mai makunni a ciki, ko kuma an sa wani ido mai gane motsi. Da an taka, bawul ya buɗe, fistin ya harba gawar sama, a lokaci guda sauti da fitila su tashi. Bayan 'yan daƙiƙoƙi ta koma ta jira na gaba. Abu biyu masu aikin ba sa wasa da su. Na ɗaya, iskar da aka matse tana tara ruwa, don haka kullum sai an zubar da ruwan tankin, in ba haka ba bawul ya yi tsatsa ya daina amsawa. Na biyu, sai an sa abin rage gudun fistin, kuma a auna iyakar inda hannun gawar ke kaiwa ya tsaya nesa da fuskar mutum, domin ƙarfen da iska ta harba zai iya fasa haƙori.

Zarton da kuke gani na gaske ne, amma an cire masa sarƙa, ƙara da warin fetur kawai suka rage. Shi ya sa kusan kullum a ƙofar fita ake amfani da shi, a fili, saboda hayaƙin injin a rufaffen wuri guba ne.

Hazon kuma inji ne ke yin sa. Yana tura ruwan gilisarin ko gilaikol da aka gauraya da tataccen ruwa ta cikin ƙarfe mai zafi, ya fito kamar hayaƙi. Idan ana so ya kwanta a ƙasa sai a bi da shi ta cikin akwatin ƙanƙara, domin hazo mai sanyi ba ya tashi. Wasu na amfani da busasshiyar ƙanƙara, wadda sanyinta ya kai digiri 78 ƙasa da sifili. Wannan tana da haɗari: kilo guda yana sakin iskar kabon dayoksaid fiye da lita 500, iskar kuma ta fi wadda muke shaƙa nauyi, sai ta taru a ƙasa, daidai inda ɗan wasa ke kwance yana kwaikwayon gawa.

Amma Malam, gwanintar gaske ba a na'ura take ba, a lissafin tafiyar jama'a take. A ce ana shigar da mutum 6 duk bayan daƙiƙa 45, ka ga a awa guda an shigar da 480. Idan rukuni ɗaya ya tsaya cak don tsoro, na baya ya cim masa, sai lungu ya zama dogon layi, kowa na ganin dodo tun kafin ya iso, kuɗin tikiti ya tashi a banza. Saboda haka ake koya wa 'yan wasa su ɓullo daga gefe ko daga baya, don tsoron ya kora mutane gaba. Wanda ya tare su ta gaba zai sa su ja da baya su tattake juna. Ana kuma koya musu su bar na farko ya wuce su auka wa na tsakiya, domin matsorata a can suke ɓuya. Sau da yawa ana ajiye wani abu mai motsi a hagu ya ɗauke hankali, ɗan wasa ya fito ta dama. A mafi yawan gidajen doka ce ba ya taɓa kowa, kuma yana barin tazarar hannu guda, saboda akwai mutanen da in suka firgita naushi suke kaiwa kafin su yi tunani. Muryar ma sai an koya: wanda ke ihu da maƙogwaro zai dishe a dare biyu, sai dai ya riƙa fito da sautin daga ciki, yana kurɓar ruwa a kai a kai, ga zafin abin rufe fuska na roba.

Wani ɗalibi daga Kumasi ya tambaya a taƙaice: me zai sa mai hankali ya biya kuɗi a tsorata shi?

Idan mutum ya firgita, jiki na sakin sinadarin adirenalin, zuciya ta ƙara gudu, numfashi ya hau. Da ƙwaƙwalwa ta tabbatar babu haɗari, sai wannan tashin ya juye ya zama dariya da annashuwa. Masu bincike na Jami'ar Aarhus a Denmark sun ɗaura wa mutum 110 na'urar auna bugun zuciya a wani gidan ban tsoro da ke garin Vejle, suka wallafa sakamakon a 2020. Sun gano cewa daɗin yana tsakiya: tsoro kaɗan ba ya gamsarwa, in ya yi yawa kuma daɗin ya gudu. Wannan ne ya sa ba mu ga hujjar wuraren nan 'yan ƙalilan da ke sa mutum ya rattaba hannu a doguwar takarda sannan a ɗaure shi ko a nutsa kansa a ruwa ba. Wannan azabtarwa ce, kuma da yawa daga cikin masu sana'ar suna nesanta kansu da ita.

Tambaya ta ƙarshe daga wata Hajiya ce a Kaduna, wadda 'ya'yanta ke karatu a waje. Ta ce ita dai tana so ta sani, an taɓa rasa rai a irin wuraren nan?

An taɓa, Hajiya, kuma gobara ce babbar musibar. A watan Yunin 1979 wuta ta tashi a jirgin fatalwa na Luna Park da ke Sidni a Ostareliya, mutum bakwai suka rasu, shida yara ne. Ranar 11 ga Mayun 1984 kuma gidan Haunted Castle na filin wasan Six Flags Great Adventure a jihar New Jersey ya kama da wuta, matasa takwas suka mutu. An haɗa gidan ne da akwatunan tirela, ciki cike da filawud da soso, ba na'urar feshin ruwa a rufi, ba ƙararrawar hayaƙi. A shaidar da aka gabatar, wani yaro ne ya kyasta laita don ya ga hanya a cikin duhu, wutar ta lashi soson da aka manna a bango. Ki duba yadda duk abin da ke sa gidan ya yi armashi ya koma tarko: duhu, lunguna masu ruɗarwa, ga kururuwa da hayaƙin da kowa ya ɗauka cikin wasan ne.

Bayan wannan aka tsaurara ƙa'idojin gobara a Amurka kan irin waɗannan gine-gine. Dole a sa na'urar feshin ruwa da ta gano hayaƙi. Da zarar ta ji wuta, sautin ban tsoro da fitilu masu ruɗarwa su mutu da kansu, hasken gaske ya kama, alamun hanyar fita su haska, har da na ƙasa-ƙasa kusa da daɓe saboda hayaƙi sama yake taruwa. Yadi da soso da busasshiyar ciyawar ado duk sai an yi musu feshin maganin hana kama wuta. Inda ake yawan yin ganganci shi ne hazon inji kan tayar da ƙararrawa, sai mai wuri ya ji kamar ya kashe ta ya huta. Hanyar da ta dace ita ce a zauna da jami'an kashe gobara a zaɓi na'urar da ta dace da wurin, a kuma ajiye ma'aikata masu tocila da rediyon hannu a kowane sashe. Ko a 2019 an ga abin da sakaci ke jawowa a garin Koszalin na Poland, inda 'yan mata biyar masu shekara 15 suka rasu a wani ɗakin wasa da ake kulle mutane sai sun warware wasa-ƙwaƙwalwa, bayan wuta ta tashi daga iskar gas, babu wata ƙofa ta biyu.

Don haka Hajiya, ki gaya wa yaran su tambaya tun a bakin ƙofa ina hanyoyin fita na gaggawa suke, da kuma yadda mutum zai sanar in yana so a fitar da shi. Kada su shiga da laita ko ashana, su sa takalmi rufaffe mai kama ƙasa, kuma kada su yi gudu a ciki, domin yawancin raunukan faɗuwa ne da karo da bango. Mai ciwon zuciya da mai juna biyu su haƙura. Mai asma ya san hazon na iya tayar masa da ita. Mai farfaɗiya kuma ya kiyayi fitilar nan mai walƙiya, domin ƙyaftawa tsakanin sau 3 zuwa 30 a daƙiƙa na iya tayar da ciwon ga wanda haske ke motsa masa shi.

Lokaci ya cim mana. Sauran wasiƙun sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu. A huta lafiya.