Bobby Jones: Lauyan da Ya Cinye Manyan Gasannin Golf Huɗu a Shekara Guda

Ranar 27 ga Satumba, 1930, a filin golf na Merion da ke bayan garin Philadelphia a Amurka, sai da sojoji suka yi wa wani matashi ɗan shekara 28 zobe kafin ya samu hanyar ratsa taron jama'a. Sunansa Robert Tyre Jones, amma duniya ta fi saninsa da Bobby Jones. A wannan yammacin ya kammala abin da babu wanda ya taɓa yi kafinsa, babu kuma wanda ya sake yi har yau. Manyan gasannin golf huɗu na wancan zamani, biyu a Birtaniya, biyu a Amurka, duk ya lashe su cikin wata huɗu. Ko sisin kwabo bai karɓa ba daga kuɗin kyautar, domin shi ɗan wasan sha'awa ne. Da aikin lauya yake ciyar da iyalinsa a birnin Atlanta.

Kafin mu shiga tarihinsa, masu kallo, bari mu warware abu biyu, don in ba su, labarin ba zai zauna ba.

Na farko, 'yan golf kashi biyu ne. Akwai 'yan sana'a, masu karɓar kuɗin gasa da ladan koyarwa. Akwai 'yan sha'awa, waɗanda doka ta hana su cin abinci da wasan. Gasar da ake kira Open, ƙofarta a buɗe take ga kowa, ɗan sana'a da ɗan sha'awa. Gasar Amateur kuwa ta 'yan sha'awa ce zalla. Amurka na da kowacce guda, Birtaniya ma haka. Su ne huɗun.

Na biyu, ƙidayar ta bambanta. Filin golf rami 18 ne, faɗin kowane rami inci huɗu da kwata. A gasar Open ana zagaye filin sau huɗu, rami 72 ke nan, a tara duk bugun da mutum ya yi, mai mafi ƙarancin bugu ya ɗauki kofi. A nan rami ɗaya in ya lalace maka, tabonsa na nan a takardarka har ƙarshe. A gasar Amateur kuwa mutum biyu ke karawa rami bayan rami, wanda ya jefa ƙwallonsa da bugu kaɗan ya ci wannan ramin, wanda aka doke ya tattara kayansa. Idan kuka ji an ce an ci wasa da 7 da 6, ana nufin mutum ya yi gaba da rami bakwai alhali shida suka rage, ba sauran kamo shi.

An haifi Jones ranar 17 ga Maris, 1902, a Atlanta ta jihar Jojiya. Yaro ne mai yawan laulayi, cikinsa ba ya riƙe abinci sosai. Iyayensa suka riƙa kai shi unguwar East Lake don ya sha iska, a gefen filin golf na ƙungiyar wasanni ta Atlanta. A can akwai wani malamin golf ɗan ƙasar Sikotilan, daga garin Carnoustie, mai suna Stewart Maiden. Yaron ya riƙa bin sa a baya yana kallo, ya koma gida yana kwaikwayon yadda yake juya jiki. Da ido ya koyi yawancin abin da ya iya. Yana ɗan shekara 14, a 1916, ya ci gasar 'yan sha'awa ta jihar Jojiya, ya je gasar ƙasa a Merion ya kai zagayen mutum takwas na ƙarshe.

Kowa ya ɗauka kofuna za su fara zubowa. Sai aka yi shekara bakwai bai ci babbar gasa ko ɗaya ba.

Matsalar ba a hannunsa take ba, a zuciyarsa take. Jones na da zafin rai. Bugu ɗaya ya kuskure, sai ya yi jifa da sanda, ya yi ta ɓaɓatu. Golf kuwa wasa ne da fushi ke bayyana a ƙwallo nan take. Mai fushi yakan damƙe sanda da ƙarfi, tsokar hannu ta sandare, ya yi gaggawar sauko da sanda kafin ƙugu ya gama juyawa, sai fuskar sandar ta iso ƙwallo a karkace. Kuskure ɗaya ya haifi uku. A 1921, a gasar Open ta Birtaniya a tsohon filin St Andrews, ya yi bugu 46 a ramuka tara na farkon zagaye na uku. Ya zo rami na 11 ƙwallonsa ya faɗa kwarin yashi, ya yi ta fama, ƙarshe ya sunkuya ya ɗauke ƙwallon da hannu, wanda ke nufin ya janye daga gasar. Har ya tsufa yana ambaton wannan rana da kunya. A shekarar ce kuma ya yi jifa da sanda ta sami wata 'yar kallo a ƙafa, George Herbert Walker na hukumar golf ta Amurka ya rubuto masa wasiƙar gargaɗi cewa in bai mallaki kansa ba, ba zai sake shiga gasar hukumar ba.

Ƙofar ta buɗe a 1923, a filin Inwood na jihar New York, kuma da ƙyar ta buɗe. Yana kan gaba, sai ya ɓarar da bugu huɗu a ramuka uku na ƙarshe, Bobby Cruickshank ya kamo shi a 296. Washegari aka yi wasan raba gardama, suka iso rami na 18 kunnen doki. Ƙwallon Jones na kwance a wuri marar kyau, tsakaninsa da rami kusan yadi 200, ga ruwa a gaba. Zai iya ajiye ƙwallon kafin ruwan ya bi a hankali. Ya zaro sandar ƙarfe mai lamba biyu, ya tsallake ruwan, ƙwallo ya tsaya 'yan ƙafafu daga rami. Ya ci da 76, Cruickshank na da 78. Daga wannan shekara zuwa 1930 ya shiga manyan gasanni 21, ya ci 13: Open ta Amurka huɗu, Open ta Birtaniya uku, Amateur ta Amurka biyar, Amateur ta Birtaniya ɗaya.

Ku dubi sandunan da ya yi wannan aiki da su. Marikinsu na itacen hikori ne. Itace yana lanƙwasa, yana kuma murɗewa lokacin bugu, kuma kowace sanda da halinta, ga danshi na canza ta. Wanda ya fizgi sandar hikori da ƙarfi, kan sandar zai makara, ƙwallo ya kauce. Shi ya sa bugun Jones yake da tsawo da natsuwa. Yakan tsaya ƙafafu kusa da juna, ya juya ƙugu sosai har diddigen hagu ya ɗaga, ya bar sanda ta kai ƙarshen tafiyarta a sama, sannan ya fara saukowa daga ƙugu, hannu ya biyo baya. Saurin yana zuwa ne daf da ƙwallo. An halatta marikin ƙarfe a Amurka tun 1924, amma da itace ya ci kofunansa duka. Sandarsa ta gangara ƙwallo cikin rami, wadda ake kira Calamity Jane, marikinta ɗaure yake da zare a wuraren da ya tsage.

Akwai ranar da ta fi wasu kofunan ɗaukaka sunansa, kuma ranar asara ce. A 1925, gasar Open ta Amurka a Worcester, rami na 11 a zagayen farko, ya gyara tsayuwa a cikin doguwar ciyawa, sai ƙwallo ya ɗan motsa. Babu wanda ya gani. Ya kira alƙalan wasa ya ce a ƙara masa bugu ɗaya na tara. Suka yi ta ja da shi, ya kafe. Gasar ta ƙare kunnen doki tsakaninsa da Willie Macfarlane, aka yi raba gardama na rami 36, ya faɗi da bugu ɗaya. Da aka yi ta yabonsa, ya nuna yabon bai yi masa daɗi ba, ya ce tamkar a yaba wa mutum ne don bai yi fashi a banki ba. A golf ɗan wasa shi ne alƙalin kansa, kuma wannan shi ne misalin da ake ba yara har yanzu.

Duk wannan yana yin sa ne a gefen karatu da aiki. Ya yi digirin injiniyan injuna a Georgia Tech a 1922, ya yi na adabin Ingilishi a Harvard a 1924, shekarar da ya auri Mary Malone. Ya shiga karatun lauya a jami'ar Emory, bai kai ga kammalawa ba ya ci jarrabawar zama lauya, ya shiga ofishin mahaifinsa. Da sanyi ya shigo sai ya jingine sanduna na watanni. 'Yan sana'a irin su Walter Hagen da Gene Sarazen kuwa shekara a fili suke yin ta. Hagen ma ya taɓa yi masa dukan kawo wuƙa a Florida a 1926, da 12 da 11 a wasan rami 72. Amma a wannan shekarar Jones ya zama mutum na farko da ya haɗa Open ta Birtaniya da ta Amurka a shekara ɗaya. A 1927 ya koma St Andrews ɗin da ya gudu ya bari, ya ci da 285, tazarar bugu shida, mutanen garin suka ɗauke shi a kafaɗa.

Mu zo kan 1930. Ya hau jirgin ruwa zuwa Birtaniya a matsayin kyaftin ɗin tawagar Amurka ta kofin Walker, karawar 'yan sha'awar Amurka da na Birtaniya. Gasa ta farko, Amateur ta Birtaniya a St Andrews a ƙarshen watan Mayu, ita ce mafi haɗari, domin wasanninta rami 18 ne kacal, ban da na ƙarshe. A gajeren wasa irin wannan, wanda hannunsa ya yi zafi na awa uku zai iya kora gwani gida. Karawarsa da Cyril Tolley, mai riƙe da kofin, sai da ta kai rami na 19, wato ramin ƙari na raba gardama. A lokacin akwai wata doka: idan ƙwallon abokin karawa ya tare maka hanyar rami, kuma tsakanin ƙwallayen ya wuce inci shida, ba a ɗauke shi, sai dai ka zagaye ko ka tsallake. Ƙwallon Jones ya tare wa Tolley hanya, wasa ya ƙare. An soke dokar a 1952. A wasan kusa da na ƙarshe George Voigt ya yi gaba da rami biyu saura biyar, Jones ya farfaɗo ya ci. Ya doke Roger Wethered da 7 da 6 a wasan ƙarshe.

A watan Yuni, Open ta Birtaniya a Hoylake kusa da Liverpool. A zagayen ƙarshe, rami na takwas, bugu biyu suka kawo shi gab da shimfiɗar ciyawar da ke kewaye da rami, amma daga nan sai da ya ƙara biyar, bakwai ke nan. Jones na 1921 da a nan zai watse. Wannan karon ya haɗiye, ya gama da 75, jimla 291, ya tsere wa Leo Diegel da Macdonald Smith da bugu biyu.

A watan Yuli, Open ta Amurka a Interlachen ta jihar Minnesota, cikin zafin da ya haura digiri 37. Gumi ya jiƙa ɗaurin wuyansa har ya ƙi kwancewa, sai da abokinsa ɗan jarida O. B. Keeler ya yanke shi da wuƙa. A zagaye na biyu ya daki saman ƙwallo bisa kuskure, ƙwallon ya yi tsalle a kan ruwan tafki ya haye. Zagaye na uku ya yi 68. A na ƙarshe ya yi tuntuɓe a gajerun ramuka uku, sannan ya jefa ƙwallo daga nisan ƙafa 40 a rami na ƙarshe, ya ci da 287. Saura Merion, filin da ya fara yana ɗan shekara 14, inda ya doke Eugene Homans da 8 da 7.

A watan Nuwamba ya sanar da barin gasa. Jikinsa ne ke biyan kuɗin wannan natsuwar da ake gani: yakan rame a makon gasa, abinci ya ƙi shiga, wani lokaci har da amai. Kuma yana da iyali. Da ya ajiye matsayin ɗan sha'awa, ya yi gajerun finafinan koyar da golf da kamfanin Warner Brothers, ya taimaka wa kamfanin Spalding ƙera jerin sanduna masu marikin ƙarfe da aka daidaita nauyinsu da juna.

Shi da abokinsa Clifford Roberts suka sayi wata tsohuwar gonar renon itatuwa mai eka 365 a garin Augusta na jihar Jojiya don kafa kulob ɗin golf, suka ɗauko mai zana filayen golf Alister MacKenzie ya zana fili. Tunanin Jones shi ne hanya ta zama mai faɗi, kwarin yashi kaɗan, ta yadda ɗan koyo zai ji daɗin wasa, amma shimfiɗar rami ta kasance mai gangara da santsi, ta hukunta gwanin da ya tunkare ta daga kusurwar da ba daidai ba. A 1934 aka fara gasar da aka raɗa wa suna Masters a 1939. Horton Smith ya ci ta farko, Jones ya zo na 13. Wajibi ne a faɗi cewa kulob ɗin ya tashi ne cikin wariyar launin fata ta kudancin Amurka. Baƙaƙen fata su ke ɗaukar jakunkunan sanduna, amma ba a ga baƙin ɗan wasa a Masters ba sai Lee Elder a 1975, bayan mutuwar Jones.

Ya yi aikin soja a yaƙin duniya na biyu, a sashen tattara bayanai na rundunar sama. A 1948 ya buga zagayensa na ƙarshe a East Lake. Ciwon siringomayeliya, wato ruwa da ke taruwa a cikin lakar gadon baya yana danne jijiyoyi, ya ɗauke shi daga sanda zuwa keken guragu, har yatsunsa suka daina riƙe alƙalami. A 1958 garin St Andrews ya ba shi 'yancin ɗan gari, Ba'amurke na biyu da aka yi wa haka bayan Benjamin Franklin. Ya rasu ranar 18 ga Disamba, 1971, yana da shekara 69. Rami na goma na tsohon filin St Andrews yana ɗauke da sunansa, kuma a maƙabartar Oakland ta Atlanta, masu ziyara na ajiye ƙwallayen golf a gindin kabarinsa.