Abin da Rabi ta gano mana a Waitangi

Aminu: Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. Yau mu uku ne cif, ni da Bashir da ƙanwarmu Rabi wadda ta yi mana ɓatan dabo kusan wata guda. Rabi sannu da hanya, ya gajiya?

Rabi: Yawwa Yaya Aminu, gajiya ta bi lafiya. Barcina ne dai har yanzu bai daidaita ba, don Niyu Zilan in muna sallar isha'i a nan su gari ya riga ya waye musu.

Bashir: Ni fa abin da na sani kan Maori, 'yan asalin ƙasar, bai wuce rawar nan tasu ta zare ido da buga ƙirji ba, sai bidiyon 'yar majalisar nan da ta yaga takarda a zauren majalisa a 2024.

Rabi: Sunan rawar haka, ba haka ɗinmu ta Hausa ba, sunanta ke nan a harshensu. Ita kuma Hana-Rawhiti Maipi-Clarke ce, shekarunta 22 lokacin. Takardar da ta yaga ƙudiri ne da ke son a sake fassara manufofin yarjejeniyar Waitangi, wadda sarakunan Maori suka ƙulla da Ingila a wani wuri mai wannan suna, kuma wallahi bidiyon nan ne ya sa na ce sai na je na ga wurin da idona. Daga Auckland tafiyar kamar awa uku ce a mota ka yi arewa, ka isa wani ɗan gari Paihia a bakin teku, ka tsallaka gada, shi ke nan ka zo.

Aminu: Me kika fara cin karo da shi?

Rabi: Kwalekwale. Amma Yaya in na ce kwalekwale kar ka kawo irin na masunta a ranka. Tsawonsa mita 35, sai an samu aƙalla mutum 76 masu tuƙi kafin a fita da shi, da wani itacen can mai suna kauri aka sassaƙa shi aka sa shi a ruwa a 1940. Sunansa Ngatokimatawhaorua, sai da na maimaita sau biyar kafin bakina ya kama. Yana ajiye ƙarƙashin wata doguwar rumfa a gaɓa, gefensa duk sassaƙa ce, na bi shi da kallo tun daga kai har wutsiya ban ga tafin hannu ɗaya da aka bari haka nan ba. Duk shekara lokacin bikin 6 ga Fabrairu ake fito da shi.

Bashir: Ranar da aka sa hannu ke nan?

Rabi: Ita ce, 6 ga Fabrairu 1840. In ka hau tudu akwai fili mai ciyawa yana kallon teku, da doguwar sandar tuta daidai inda aka yi zaman. Gefe guda gidan James Busby ne, wakilin Ingila, ɗan ƙaramin gidan katako fari. Yana fuskantar ɗakin taro na Maori, Te Whare Runanga, wanda aka buɗe a 1940 da yarjejeniyar ta cika shekara 100. Ba a shiga kai tsaye fa. Wani saurayi ne ya fito da sandar yaƙi yana juya ta yana matsowa, ya ajiye ganye a ƙasa, sai namiji ɗaya daga cikinmu baƙi ya sunkuya ya ɗauka idonsa na kan saurayin, alamar da alheri muka zo. Sannan wata mata ta ɗaga murya ta kira mu, kira mai tsawo kamar kuka kamar waƙa, tsigar jikina sai da ta tashi. Muka tuɓe takalma muka shiga.

Aminu: Cikin fa?

Rabi: Su a wurinsu ɗakin jikin kaka ne. Fuskar da ke saman ƙofar gaba kansa ce, katakai biyu da suka gangaro hagu da dama hannayensa ne a buɗe, doguwar azarar tsakiya ƙashin bayansa, ƙananan da suka sauko daga ita haƙarƙari. Wato ka shiga cikin kakansu ka zauna. Idanun sassaƙen da ɓawon wata dodon koɗi ta teku aka yi su, paua, suna ƙyalli shuɗi-shuɗi kore-kore, duk inda ka juya kamar kai suke kallo.

Bashir: To amma Anti Rabi tsakani da Allah, wannan ba wasa ba ne kawai da ake shirya wa 'yan yawon buɗe ido su biya kuɗi su ɗauki hoto?

Rabi: Akwai wannan, ba zan musa ba, tikiti muka saya. Amma mai yi mana jagora bai ɓoye komai ba, kuma abin da ya fi zama min a rai ba rawar ba ce, maganar takarda biyu ce. An rubuta yarjejeniyar da Turanci, sai wani ɗan mishan Henry Williams da ɗansa Edward suka juya ta zuwa harshen Maori a dare ɗaya, daren 4 ga wata. A ta Turancin an ce sarakunan sun miƙa wa Sarauniya Biktoriya mulkin ƙasar ɗungurungum. A ta Maori kuwa kalmar da aka sa ita ce kawanatanga. Kun san yadda muka ari kalmar gwamna? To su ma haka suka ara suka ce kawana. Wato gwamnanci, a sa wani ya tsawatar wa Turawan da suka cika musu gaɓar teku da shaye-shaye da rigima. Sashe na biyu kuma ya tabbatar musu da tino rangatiratanga, cikakkiyar sarautarsu a kan ƙasarsu da garuruwansu da duk abin da suke ɗauka da daraja.

Aminu: Ikon Allah. Wacce suka sa wa hannu?

Rabi: Sarakuna sama da 500 ne suka sa hannu a ƙarshe, har da mata, bayan an zaga ƙasar da kofe-kofe. 39 kacal suka sa a ta Turanci. Wasu ma zanen tsagar fuskarsu suka yi a madadin suna, ka ga mutum ya ɗora fuskarsa a kan alkawari. Wasu manya kuma irin Te Wherowhero na Waikato suka ƙi sam. Akwai wani sarki Nopera Panakareao da ya ce inuwar ƙasar ce za ta tafi wa Sarauniya, ainihinta na nan hannunsu. Ba a daɗe ba ya juya maganar, ya ce ashe su aka bar wa inuwar.

Aminu: Wannan ya tuna min 1885, da Joseph Thomson ya zo Sakkwato da Gwandu a madadin kamfanin Turawa ya karɓi sa hannu. Fada na ganin izinin ciniki ta bayar, kamfani ya je Turai yana nuna takarda cewa an ba shi iko da ƙasa.

Rabi: Ni ma ita ta faɗo min ina tsaye a filin nan. Kuma ka san Hone Heke, wanda shi ya fara sa hannu ranar, shi ne ya sare sandar tutar Ingila har sau huɗu tsakanin 1844 da 1845 a Kororareka, garin da yanzu ake kira Russell, daga filin kana hango shi a tsallaken ruwa. Daga nan aka shiga yaƙe-yaƙe, a 1863 aka yi dokar ƙwace filayen waɗanda aka kira 'yan tawaye, Waikato kaɗai eka miliyan 1.2 ta tafi. A 1877 babban alƙalin ƙasar ya ce yarjejeniyar ba a bakin komai take ba. Ita kanta takardar aka jefa ta ma'ajiya ruwa ya taɓa ta ɓeraye suka ci gefenta, yanzu tana Wellington ana lallaɓa ta cikin gilashi.

Bashir: Subhanallahi. To ya aka yi ta dawo da ƙarfi har ake faɗa a kanta a majalisa?

Rabi: Ba su sake ta ba ne Bashir, shekara da shekaru suna kai ƙara suna rubuta koke. A 1975 wata dattijuwa Whina Cooper mai shekara 79 ta jagoranci tattaki daga can ƙuryar arewa har Wellington, takensu shi ne ba za a ƙara karɓar ko eka ɗaya ba. A shekarar aka kafa kotun sauraron koke ta Waitangi. A 1995 mutanen Waikato-Tainui suka karɓi diyyar dala miliyan 170 ta ƙasar, Sarauniya Elizabet da kanta ta sa hannu a dokar da ke ɗauke da neman afuwa. Ni dai a ganina kuɗin bai kama ƙafar abin da aka ƙwace ba, ko kusa. Sai harshe, wanda a da ake dukan yara in sun yi shi a makaranta. A 1982 suka fara kohanga reo, wato sheƙar harshe, kakanni su zauna da ƙananan yara ba a jin komai sai Maori, zuwa 1987 ya zama harshen hukuma.

Aminu: Kin samu kin yi hira da su kuwa, ko kallo kawai?

Rabi: Na yi. Wata dattijuwa ta gaishe ni irin tasu, hongi, ta haɗa hancinta da goshinta da nawa muka ja numfashi tare. Sai ta tambaye ni dutsena da kogina, don su in za su gabatar da kansu da dutse suke farawa, sai ruwa, sai kwalekwalen da ya kawo kakanninsu, sai dangi, sunan mutum ne ƙarshe. Na ɗan yi shiru, sannan na ce mata dutsena Dala, kogina Challawa. Ta maimaita Dala sau biyu a hankali, ta ce in na koma in gaishe shi.

Bashir: Kin je?

Rabi: Jibi in Allah ya kai mu, da sassafe kafin rana ta yi zafi. In kuna zuwa ku same ni a gindin matakalar.

Aminu: Ni dai ina ciki. Jama'a a nan za mu dakata, sai mako mai zuwa in muna da rai da lafiya.