Sharhi: Ƙaramar jif mai fetur da batir, wacce ta dace da titunan Legas?

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum, barkanmu da sake saduwa.

Sharhinmu na yau amsa ce ga wani bawan Allah da ya aiko mana da saƙo daga Agege. Ya ce ɗan kasuwa ne shi, kullum sai ya tsallaka Tsibirin Legas ya dawo, kuma kuɗin fetur na neman cinye masa riba. Ya ɗan tara abin da Allah ya hore masa, yana so ya sayi ƙaramar jif irin mai aiki da fetur da batir, wadda ake kira haibirid. Dillalai sun nuna masa Toyota RAV4 da Honda CR-V da Hyundai Tucson, kowa na koɗa tasa. Yana tambaya wacce zai ɗauka.

Alhaji, ba kai kaɗai kake cikin wannan lissafi ba. Tun ranar 29 ga Mayun 2023 da Shugaba Bola Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi, litar da muke saya ƙasa da naira 200 ta yi ta hawa har ta haye naira 1,000 a ƙarshen 2024. Mutumin da a da ba ya ko duban allurar mai, yanzu rabin hankalinsa na kan titi, rabi na kanta.

Bari mu fara da yadda motar take aiki, domin a nan ake yawan ruɗewa. Ba a jona ta da wutar gida. Tana da injin fetur, tana da injin lantarki, da batir da ke cika kansa daga injin da kuma duk lokacin da ka taka birki. Ƙarfin da mota mai fetur zalla take zubarwa ya zama zafi a birki, ita sai ta mayar da shi caji. To ka ga abin da ya fi ƙona wa ɗan Legas rai, wato tafi-tsaya tafi-tsaya daga Oshodi har kan gadar Third Mainland, shi ne abincinta. Kana tsaye a goslo injin zai mutu da kansa, esi na ci gaba da hurawa da ƙarfin batir, in cajin ya yi ƙasa injin ya tashi na ɗan lokaci ya sake yin shiru. A ma'aunin hukumar kare muhalli ta Amurka, RAV4 haibirid samfurin 2019 tana yin kimanin kilomita 17 da lita ɗaya a cikin gari, 'yar uwarta mai fetur zalla kuwa kimanin 11. Amma a kan babbar hanya tazarar tana tsukewa: 16 ne da 14 zuwa 15. Wato wanda aikinsa Legas zuwa Kano ne kowane mako, ribar da zai gani kaɗan ce. Irinka mai kwana a cunkoso, kai aka yi wa ita. Ba zan ce maka za ka ga waɗannan lambobi daidai a nan ba, don titinmu da zafinmu daban ne, amma bambancin za ka ji shi a aljihu.

To wacce? Ba zan yi maka kwana-kwana ba: in duka ukun lafiyarsu ɗaya, ni Toyota zan ɗauka. Dalilina ba suna ba ne. Kamfanin ya fara sayar da motarsa ta haibirid mai suna Prius tun 1997, kuma tsarin da ya sa a RAV4 jikan wancan ne, ya sha gwaji. Babu kik, babu altaneta, giyarta ba ta da bel ɗin da zai tsinke. Sannan injin nan mai lita 2.5 shi ne dai a cikin Camry da Venza da Highlander na haibirid na shekarun nan, don haka in ka shiga Ladipo, kasuwar kayan gyaran mota, neman kaya, ba za a tsaya ana kallonka kamar ka zo da baƙon yare ba. Wanda ya taɓa ajiye mota wata biyu a garejin bakanike yana jiran a kawo masa ɗan ƙarfe daga waje ya san darajar wannan magana.

Honda CR-V mota ce mai daɗin zama, cikinta da fili, iyali za su sake. Tsarinta ma abin sha'awa ne: yawancin lokaci injin fetur ɗin aikin janareta yake yi, lantarki ne ke juya taya, sai an miƙe hanya an ɗauki gudu sannan injin ya haɗu da tayoyin kai tsaye. Shan manta ya kusa da na Toyota. Abin da ya sa nake ja da baya guda ne, kuma dillali ba zai faɗa maka ba sai ka ɗaga shimfiɗar but da hannunka: waɗanda aka yi wa kasuwar Amurka daga 2020 ba su da safaya. Batir ya cinye gurbinta, sai ɗan famfo da ruwan liƙe faci. A Ikeja wannan ba komai ba ne, mai faci na kowace kwana. Amma kai mai zuwa gida da sallah ne, tafiyar kimanin kilomita dubu. Ka tuna da dare tsakanin Jebba da Mokwa, rami ya yaga maka taya, ga mata da yara a mota. In ita ranka ya kwanta da ita, ka sayi safaya daban, ka san kuma za ta ci maka wurin kaya.

Tucson, da 'yar uwarta Kia Sportage, sun fi ƙyalli a ido kuma suna da fizga. Injinsu ƙarami ne, lita 1.6, an ƙara masa turbo, da giya shida irin wadda muka saba. Turbo ba ya son wasa da baƙin mai, ba ya son gurɓataccen fetur, kuma kayansu ba su kai na Toyota yawa a kasuwa ba. Na haibirid ɗin ma sababbi ne, Tucson daga samfurin 2022 ta fara a Amurka, don haka hannayen da suka san cikinsu a nan ba su da yawa tukuna. Akwai kuma wadda ake jonawa da wuta, irin su RAV4 Prime. In gidanka ba ya kan layin da ke samun wuta sosai, ko ba ka da sola mai ƙarfi, ka wuce ta kawai. Za ka biya kuɗin ƙaton batir ne kana yawo da nauyinsa.

Yanzu ga inda nake so ka kasa kunne sosai, Alhaji, domin ya fi duk abin da na faɗa a baya nauyi. Sunan da ke gaban mota bai kai tarihinta muhimmanci ba. Yawancin tokunbo da ke sauka a tashar jiragen ruwa ta Tin Can suna cika filayen sayar da motoci na Berger daga Amurka da Kanada suke, kuma da yawansu daga gwanjon motocin da kamfanonin inshora suka sallama aka sayo su: wata haɗari ta yi, wata ambaliya ta shanye. Mai haɗari ana iya gyara ta. Haibirid da ruwa ya kwana a cikinta kuwa kyan ɗan maciji ce. Za a wanke ta, a fesa turare, ta tashi lafiya ranar ciniki, bayan 'yan watanni tsatsa ta fara cin wayoyi, fitilun gargaɗi su cika allo. Arha ba ta ado. Kowace mota na da lambar jiki mai haruffa da lambobi 17, tana nan a ƙasan gilashin gaba ta gefen direba. Ka kwafe ta, ka sa yaronka mai waya ya biya ɗan kuɗi a intanet ya ciro rahoton tarihinta. In dila ya fara ɓata rai don ka nemi haka, ya riga ya ba ka amsa. Honda mai tsabtataccen tarihi ta fi Toyota da ta sha ruwa, nesa ba kusa ba.

Ita kanta RAV4 ɗin da na yaba tana da inda ake duba mata. A samfurin 2019 zuwa 2021 an yi ta ƙorafi, musamman a Kanada inda ake zuba gishiri a titi lokacin ƙanƙara, cewa babbar wayar da ke kai wuta ga injin lantarkin baya tana rubewa a mahaɗarta. A ɗaga motar sama, a haska wurin da tocila kafin ka biya. Kada kuma tsayinta ya ruɗe ka: tsakanin cikinta da ƙasa kimanin santimita 20 ne kawai, batir ɗinta kuma a ƙarƙashin kujerar baya yake. In ruwan Yuni da Yuli ya cika hanyar Lekki ko Ajah, ka ga danfo na kutsawa, kai ka tsaya ko ka juya.

Sai zafi da ƙura. Batir na shan iska ta wata 'yar taga da ke gindin kujerar baya, akwai matata a wurin. In aka toshe ta da buhu ko darduma, ko aka bar ƙura ta cushe ta, batir zai yi ta dahuwa a hankali har ya gaji kafin lokacinsa. Garantin shekara 8 ko 10 da ake bayarwa a Amurka kuwa ba ya biyo mota cikin jirgin ruwa.

Ina ganin mutuncin masu gyaranmu ƙwarai, da yawansu 'yan uwanmu ne da suka koyi aiki da guminsu. Amma wannan mota ba ta gwaji ba ce. Duk wayar da ka gani mai ruwan lemo tana ɗauke da wuta sama da bolt 200, tana iya kisa. Kwamfaresar esinta ta lantarki ce, tana da nata mai na musamman. In aka ɗura mata na gama-gari an jawo babbar ɓarna. Baƙin manta siriri ne, wanda aka rubuta a murfin injin shi za a zuba, ba mai kaurin da aka saba ba. Ka kuma sa ido a kan tukunyar salansa da masu gyara ke kira indomi, kada a cire maka ita da sunan gyara.

Saboda haka, Alhaji, kafin ka nemi mota ka nemi mai gyaranta. Ka samo wanda ke da na'urar kwamfuta da ke karanta lafiyar batir gida-gida, ka biya shi kuɗin yininsa, ku tafi Berger tare. A jona na'urar, a kunna esi, ku shiga hanyar Apapa zuwa Oshodi ku yi ko da rabin awa a cikin goslo, yana kallon yadda cajin ke hawa da sauka. Ka karɓi takardun kwastan ka tabbatar lambar jikin da ke ciki ita ce a kan motar. In duk wannan ya fita lafiya a kan RAV4, ka yi bismillah ka biya.