Jawabin maraba ga babban bakonmu, masanin dokar sararin samaniya

Assalamu alaikum warahmatullah. Shugaban taro, malamanmu, yan uwa dalibai, barkanmu da warhaka.

Ranka ya dade Farfesa, lale marhabin, sannu da hanya. A madadin daliban shari'a nake maka barka da zuwa, kuma wallahi mun dade muna jiran wannan ranar, don ba kullum ake samun wanda ya san yadda ake tafka muhawara a kwamitin sararin samaniya na Majalisar Dinkin Duniya a Biyana ya zo ya zauna da dalibai ba.

Abinda muka karanta a aji shine tun da Tarayyar Sobiyet ta harba Sputnik, tauraron dan adam na farko, a 1957 duniya ta ga dole a kafa doka, aka tabbatar da kwamitin a 1959, sai yarjejeniyar 1967 tazo tace babu kasar da zata ce duniyar wata ko wata duniyar daban mallakinta ce, ba a ajiye makamin nukiliya a sama, kuma duk abinda kamfani yayi a can kasarsa ce zata amsa. Ta biyan diyya ta biyo baya a 1972, kuma kaga lokacin da tauraron Sobiyet mai suna Kosmos 954 ya tarwatse a arewacin Kanada a 1978 da burbushin nukiliya, sai da Sobiyet ta biya dala miliyan 3 na Kanada. Wannan aiki ne babba, muna jinjina ma wadanda suka yi shi a tsakiyar yakin cacar baka.

Toh amma ranka ya dade, ga abinda ke damunmu. An rubuta dokokin nan ne lokacin da kasashe biyu kadai ke rike da fagen, yanzu kuwa kamfani daya, SpaceX, tauraron dan adam dinsa na Starlink ya kai dubbai, ga tarkace na ta yawo, a 2007 Sin ta harbo tauraronta da kanta ya farfashe, a 2009 na kamfanin Iridium na Amurka yayi karo da wani matacce na Rasha, kuma har yau babu yarjejeniyar da ta tilasta ma kowa ya kwashe sharar da ya zubar, sai dai shawarwari, wanda yaga dama ya bi.

Maganar ma'adinai tafi tsaya mana a rai. Yarjejeniyar duniyar wata ta 1979 tace arzikin duniyar wata gadon bil adama ne gaba daya, manyan kasashen da ke zuwa can suka ki shiga. Amurka tayi dokarta a 2015 cewa abinda kamfaninta ya hako nashi ne, Luksambag ta bi a 2017, ga kuma yarjejeniyar Artemis ta 2020 kan binciken sararin samaniya da Amurka ta jagoranta, wadda aka kulla ba a karkashin Majalisar Dinkin Duniya ba. Mun sani wanda ya riga ka barci dole ya riga ka tashi, bamu ja da wannan ba, amma kasashen da basu da roka yau fa, idan suka iso gobe suka tarar an rabe komai, wace kotu zasu je? Ni dai a ganina doka mai daure kowa da kowa, wadda aka yi da bakin kowa, ita ya kamata a koma ma.

Wannan tambayar muke so ka warware mana, kuma ka fada mana ta ina dalibin shari'a zai shiga wannan fanni. Allah ya saka da alheri, ya maida kai gida lafiya. Bismillah Farfesa, fili naka ne.